Agogon da na saka wa injin jirgin Kawu a Yauri, da yadda ya kusa ja min kunya

Ni dai sana'ata haɗa sola ce, fanel da inbata da batir, a Kontagora nake zaune amma gida Yauri ne, kuma duk wanda ya tashi a Yelwa ko bai iya tuƙa jirgi ba to ya san ƙarar inji da asuba a bakin ruwa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da jirgin katako babba da yake jigila da shi tsakanin Yauri da ƙauyukan da ke gaɓar tafkin Kainji, ranar kasuwa albasa ce da shinkafa da buhunan gero da mutane, wani lokacin har babura biyu ko uku a ɗaure a tsakiya. Injin nasa Yamaha ne mai doki 60, silinda uku, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ɗan Kwatano ne, ya saye shi da akwatin giyarsa da makulli da wayoyinsa duka, ya sa kafinta ya buga masa wani ɗan allo a bayan jirgin aka ɗaura akwatin a kai.

Toh tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Kawu ba shi da zance sai na fetur, in ka gaishe shi ma kafin ya gama amsawa ya kawo maka maganar jarka. Wai injin ya koma shan mai kamar raƙumi, fulogi kuma kwana kaɗan sun yi baƙi ƙirin sai an kwance an kankare, bakanike ya wanke kafireta har sau uku ba abin da ya canza. Ranar da naje gida hutun sallah muna zaune yana ta wannan mitar nace masa Kawu wai in ka ƙure totur da kaya a jirgi, juyi nawa injin nan yake yi a minti ɗaya? Ya kalle ni kamar na tambaye shi adadin kifin da ke cikin Kwara. Yace ɗan nan ni da kunne nake tuƙi, shekara nawa ina kan ruwa ban taɓa ƙirga juyin inji ba, ku 'yan boko komai sai kun sa masa lamba.

Gaskiya kunnen nasa ba na wasa bane, daga nesa yana jin inji zai ce maka wannan silinda ɗaya ba ta ci, ko ya ce ruwa ya shiga man wancan, kuma in aka duba haka ne. Amma akwai abin da kunne ba ya rabewa, injin da ke juyi 3,900 da wanda ke juyi 4,700 in duk an ƙure musu totur ihu suke yi iri ɗaya a kunnen wanda ya saba da ihun, kuma ni tun a lokacin zuciyata na raya min cewa a nan matsalar take. Don haka dana koma na yi odar takomita, wato agogon nan da ke nuna juyin inji, irin na jirgin ruwa mai zagayen milimita 85 da lambobi daga 0 zuwa 7, kowace lamba juyi dubu kenan a minti. Na haɗa da wani ɗan ƙarami mai lambobin dijital wanda wayarsa kawai ake naɗawa a jikin wayar fulogi, wannan don arha ne na ƙara shi ban ma ɗauka zai yi min wani amfani ba, ashe shi zai fidda ni.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda akwai masu cewa me zai hana a ciro na mota a wajen 'yan gwangwan a ɗaura. Na mota daga kwayil ɗin wuta yake ɗaukar sigina, kuma yana ƙirga ne da yawan silinda, 4 ko 6 ko 8. Na injin jirgi irin na Kawu ba ruwansa da yawan silinda ko kaɗan. A saman injin akwai faifan ƙarfen nan mai nauyi da ake cewa filawil, a cikinsa akwai maganaɗisu, ƙarƙashinsa kuma akwai kwayil ɗin da ke yin wutar caji, duk sanda faifan ya juya maganaɗisun nan suna wucewa ta kan kwayil sai wutar AC ta fito tana kaiwa da komowa, ita ce ke tafiya rektifaya ta zama DC ta cika batir. To agogon wannan kaiwa da komowar yake ƙirgawa, shi ya sa abin da yake so ya sani shi ne bugu nawa kwayil ɗin ke bayarwa a juyi ɗaya. Banda haka ma na mota ba a yi shi don ruwa ba, damina ɗaya gilashin ya yi gumi daga ciki allurar ta yi tsatsa.

Haɗin wayar kansa ba wani abu bane ga wanda ya saba da waya, guda huɗu ne kacal. A bayan agogon akwai ƙusoshi da haruffa, S na sigina, I na wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, G na as wato nagatif, sai ta fitilar dare. A Yamaha koriyar waya ita ce sigina, rawaya ita ce wutar makulli volt 12, baƙa as, shuɗiya kuma ta fitila ce. Na buɗe inda wayoyin suka fito daga akwatin giya sai ga su nan a dunƙule an naɗe su da baƙin salatif tun daga Kwatano ba wanda ya taɓa su, kowace da ɗan bakinta na sokawa. Amma duk da na san kalolin sai da na sa mita na gwada, na murɗa makulli rawaya ta nuna volt 12 da ɗoriya, na kashe ta koma sifili, sannan na yarda. Dalilina kuwa injin hannu ba ka san hannu nawa ya bi ba, wani bakaniken in waya ta tsinke duk kalar da ya samu a ƙasa ita zai jona. Kuma kalolin nan ba ɗaya bane a kowane kamfani, a Mercury da Johnson da Evinrude ruwan toka ce sigina, wutar makulli kuma shunayya mai duhun nan kamar ruwan zoɓo, a Suzuki kuwa rawayar ce ma sigina, kaga wanda ya saba da Yamaha in ya je kan Suzuki da ilimin rawaya wuta ce ai ya shiga daji.

Na cire nagatif ɗin batir kafin in fara jona komai, na sa ɗan fiyus a layin rawaya, bakin kowace waya na matse shi da kan ƙarfe na bi da dalma sannan na sa robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, don a kan ruwa in ka murɗe waya da hannu ka naɗa salatif wata biyu zaka dawo ka tarar ta yi kore ta ruɓe. Wayar fitila kuma na haɗa ta da rawayar kawai, Kawu ba ya tafiyar dare dama, kuma ba shi da wani makunnin fitila daban. Huda allon ne ma ya fi ba mu wahala, ba mu da abin huda mai faɗin nan sai da aka kira kafintan jirgi ya zo da kurfi da guduma ya sassaƙe ramin a hankali, ya ɗan yi faɗi muka cike gefen da tsohon tif ɗin babur.

Yanzu ga inda na tafka kuskuren. A bayan agogon akwai wani ɗan makunni da ake juyawa da ƙaramin sukudireba, an rubuta 2P, 3P, 4P, 5P, 6P a zagaye. Ni kuma na riga na ji cewa irin wannan injin na Yamaha matsakaici fol shida ne da shi, wato bakin maganaɗisu shida, to da na ga 6P ban yi wata-wata ba na murɗa shi can nace shikenan. Aka sauke ƙafar inji cikin ruwa, don ba a tada injin jirgi a busasshe ko na minti ɗaya ne, robar famfon ruwan da ke ƙasa nan take take ƙonewa, Kawu ya murɗa makulli inji ya kama, fitsarinsa, wato ruwan da ke sanyaya shi, na fita ta baya yadda ya kamata, allura ta ɗaga ta tsaya wajen 400 da wani abu. Na ɗan yi jim, don injin da ke silo, wato ba a taɓa totur ba, a 400 ai da tuni ya mutu ko yana ta girgiza kamar mai zazzaɓi, wannan kuwa lafiya lau yake ɗiga. Amma mutane sun taru, 'yan dako da masu sayar da soyayyen kifi da yara, kowa ya zo kallon agogon jirgi, sai na share nace mu fita ruwa mu gani.

Muka fita ba kaya, ni da Kawu da yaron jirginsa, ya ƙure totur jirgi ya ɗaga hanci inji na ihu, allura ta hau ta hau ta tsaya a 2,200 ta ƙi gaba. Kawu ya leƙo yace injiniya me agogon naka ya ce? Nace Kawu dubu biyu da ɗari biyu, alhali littafin injin nan cewa ya yi in an ƙure shi ya kamata ya kasance tsakanin 4,500 da 5,500. Yace wato rabin ƙarfinsa yake bayarwa kenan? Ya yi dariya har da buga cinya, yace ɗan nan ko kurma ya san injin nan ba rabi yake yi ba, agogonka ne maƙaryaci. Wallahi na ji kunya, yaron jirgin ma ya juya baya yana dariya a ɓoye. Kuma gaskiyarsa ce, a wannan karon kunne ya ci allura.

Da muka dawo gaɓa na tuna da ɗan ƙaramin nan na dijital da ke cikin jaka. Shi ba ya buƙatar batir ɗin jirgi, nasa na ciki, wayarsa guda ɗaya ce zaka naɗa ta sau huɗu ko biyar a jikin wayar fulogi ɗaya ka ɗaure, kada ka feɗe komai, yana jin tartsatsin da ke wucewa ne ta cikin roba. Shi ma yana da nasa saitin, tartsatsi nawa fulogin ke yi a juyi ɗaya, a injin Kawu kowace silinda sau ɗaya take ci a kowane juyi don haka na bar shi a ɗaya. Aka tada inji a firi, wato ba a sa giya ba, na ce wa yaron ya ɗan ɗaga totur a hankali har ƙaramin ya nuna 1,000 ya riƙe shi a nan, babban agogo kuma yana nuna 500 cif. Rabi daidai ba ƙari ba ragi. Duk sanda ka ga kuskuren agogo ya zo rabi daidai ko ninki biyu daidai ko ɗaya da rabi, to ba lalacewa ya yi ba, saitin baya ne.

Sai hankalin sola ya dawo min, na ɗauko mita na juya ta zuwa Hz, wato inda take ƙirga kaiwa da komowar wuta a daƙiƙa ɗaya, irin yadda nake gwada inbata, na ɗora jan baki a koriyar waya baƙi a as, ta nuna 50 tana ɗan rawa. Har na yi murmushi don lambar wutar NEPA ce sak. Lissafin kuma mai sauƙi ne, 50 a daƙiƙa sau 60 ya ba ka bugu 3,000 a minti, raba da juyi 1,000, bugu uku kenan a kowane juyi. Fol shida bugu uku suke bayarwa, saboda sai biyu sun wuce, na arewa da na kudu, sannan wutar ta je ta dawo sau ɗaya. Ashe P ɗin da ke bayan agogona bugu yake nufi ba fol ba, 6P na injin mai fol 12 ne irin manyan nan, ni kuwa 3P ya kamata in sa. Wasu kamfanonin da yawan fol suke rubutawa, 4 da 6 da 12, wasu da yawan bugu, harafin kuma ɗaya ne, takardar da ta zo cikin kwalin ma ta faɗa a wani ɗan layi ƙanana amma wa ya karanta, na riga na shimfiɗa ta na zuba notuna a kai. Na kashe inji na zura hannu ta bayan allon na mayar da shi 3P, aka sake tadawa, babba da ƙarami suka yi daidai kamar tagwaye, silo ya zauna ƙasa da 1,000 kaɗan.

Kawu dai bai ce komai ba, yace gobe kasuwa ce, mu gani a kan kaya.

Nan ne aikin gaske, don gwajin da ake yi jirgi ba kaya ba shi ne ba, dole sai da irin nauyin da jirgin ke ɗauka kullum. Washegari aka loda albasa da fasinjoji, muka fita inda ruwa ya buɗe ba kututturen itace a ƙasa, don tafkin nan tun da aka datse kogin aka gama madatsar Kainji a 1968 akwai wuraren da itatuwan da ruwa ya cinye suke nan a tsaye a ƙarƙashi, Kawu ya san su ɗaya bayan ɗaya. Nace Kawu ba shi wuta duka na minti ɗaya kawai. Allura ta hau ta tsaya a 3,900. Jiya ba kaya, in ka ninka 2,200 ɗin nan, 4,400 kenan, shi ma bai kai ba. Wato injin nan shekara da shekaru a shaƙe yake aiki, kamar ka loda wa mota siminti ka sa ta a giya ta biyar kana hawan tudu ka take totur har ƙasa, mai na ta zuba ta kafireta amma juyin da zai ƙone shi da kyau babu, ga zafi na taruwa a kan fistin, ga baƙin hayaƙi na daskarewa a fulogi da zobba. Bakanike zai wanke kafireta sau goma ma ba zai ga komai ba don ba can ciwon yake ba.

Injin jirgi ba shi da giya ɗaya biyu uku kamar mota, gaba ne da baya da firi, farfelar ita ce giyarsa. Da muka sauke kaya na sa aka ɗaga ƙafar injin na goge jikin farfelar da tsumma, ga lambar nan a buge, 13 1/4 x 17. Ta farkon faɗin farfelar ne da inci, ta biyun kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga kamar sukuru a katako, inci 17 kenan. Wannan farfelar ta ɗan jirgin roba ce mara nauyi da ake yawon shaƙatawa da shi, da ita injin ya zo daga Kwatano ba wanda ya taɓa tunanin canza ta, an ɗauko ta an ce ta tura jirgin katako da buhu hamsin. Abin da masu harkar suka saba lissafawa shi ne duk inci ɗaya da ka rage a lamba ta biyun injin zai ƙara juyi kamar 150 zuwa 200. Muna 3,900 muna neman mu haye 4,500, to inci huɗu ya kamata mu sauka, mu nemi mai 13.

Shawo kan Kawu ya sayi farfela alhali tasa ba ta karye ba sai da aka yi kwana biyu ana abu ɗaya. Shi a ganinsa babbar lamba ita ce gudu, in an rage ai jirgi zai zama kunkuru. A ƙarshe wani abokinsa da injinsa ke kwance ya ba shi aron mai 13 5/8 x 13, yace in ba ta yi ba a dawo masa da abarsa. Muka ɗaura, na tabbatar an mayar da washa da noti da ɗan fil ɗin da ke riƙe notin, don na ji labarin waɗanda farfelarsu ta sulale tsakiyar ruwa saboda fil na naira kaɗan. Kasuwa ta gaba da kaya kusan irin na wancan, allura ta haye 4,600 ta ɗan ƙara. Abin da ya fi burge shi ma ba lambar bace, tashin jirgin ne daga tsaye, da sai ya yi ta gurnani kafin ya ɗauki hanya, yanzu yana taɓa totur yake amsawa. Nace masa amma fa Kawu ranar da jirgi ba kaya ka dinga kallon allurar, da wannan farfelar zai iya neman wuce 5,500 in ka ƙure shi, kuma wuce iyaka shi ma ɓarna ne.

Maganar mai kuwa, wadda dama ita ta kawo mu, ba farfelar kaɗai bace. Jirgin katako mai nauyi akwai gudun da in ya kai, duk wutar da ka ƙara masa igiyar ruwa kawai yake ƙara tarawa a baya gindinsa na nutsewa, gudun kuwa kaɗan yake ƙaruwa. Na kunna GPS ɗin waya muna tafe, muka gwada 3,000, muka gwada 3,500, muka gwada 4,000 har zuwa ƙarshe, daga wajen 3,600 zuwa sama lambar gudun da ƙyar take motsawa amma ihun inji da shan mai sai hauhawa suke. Kawu da ya saba murɗe totur ya manta da shi har sai ya hango gaɓa, yanzu ga abin da ido zai kama. Yaron jirgin ya samo jan farce na ƙanwarsa ya ɗiga a gilashin daidai 3,500, ya ja wani layin a 5,500, saboda Kawu ba ya son tsayawa karanta ƙananan lambobi yana tuƙi. Ban auna masa lita da lita ba don mai a jarka ake saye kuma kaya kullum ba ɗaya bane, amma shi da bakinsa ya ce yanzu yana dawowa da saura a tanki a hanyar da da sai ya ƙara.

Wani abin da agogon ke nunawa wanda ban ma yi tunaninsa ba sai da muka gani. Muna tafe a 3,500 sai allura ta faɗo kamar ɗari uku ba wanda ya taɓa totur, Kawu dama ya riga ya ji a jikinsa ya sa firi, aka ɗaga ƙafa sai ga tsohuwar koma ta naɗe a gindin farfela da ciyawar ruwa. Irin zaren nan in aka bar shi shi ke cin robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, sai ka ga man ya koma kamar madara. Akasin haka kuma in allura ta yi tsalle sama jirgi bai ƙara gudu ba, to ko farfelar ta shaƙi iska ne saboda igiyar ruwa ko kwana mai tsanani, ko kuma robar da ke tsakiyar farfelar ta saki tana juyawa a banza. Ita ma yawan kaya allurar na faɗa, in yau ka ƙure ka ga 4,200 a inda kullum kake ganin 4,600 to ko lodin ya wuce misali ko jirgin ya sha ruwa a ƙasa. Ba wai agogo zai hana hatsari bane, mu mutanen yankin nan ba mu manta da hatsarin jirgin da ya faru kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, rayuka da yawa suka tafi, wannan maganar lodi ce da lafiyar katako da rigar ruwa, ido ma ya isa ya gani tun daga gaɓa.

Bayan kamar wata uku ina Kontagora Kawu ya kira ni, ko sallama bai gama ba yace injiniya agogonka ya haukace, allura sai rawa take tana zuwa bakwai tana dawowa sifili alhali inji lafiyarsa lau. Nace Kawu batir fa, yana tada inji da ƙarfi kamar da? Ya yi shiru sannan yace kwana biyun nan dai sai an ja igiya da safe. Na gane kan zancen tun a waya, tunda siginar daga layin caji take zuwa, in caji ya samu matsala agogon ne ke fara kuka. Ranar Asabar naje na tarar kan batir ɗin na fositif yana lilo, notin ya ɓace an soka ƙusa an ɗaure da roba, kuma yaron ya faɗa min wani lokacin suna cire batir ɗin inji na aiki su ba wa wani jirgin ya tada nasa. Wannan shi ke kashe rektifaya, inji na juyi wuta na fitowa ba inda za ta je. Na gwada da mita, inji a kashe volt 12.1, inji na aiki a 2,000 ma 12.1 ɗin dai ba ta motsa ba, alhali lafiyayyen caji ya kamata ya haye 13. Muka sa sabuwar rektifaya da kan batir na kirki mai noti, na ɗaure da sifana na shafa giris, allura ta koma ta nutsu. Na ce wa yaron in na ƙara jin an cire batir inji na aiki ni da shi ne.

Ɗan ƙaramin na dijital ban cire shi ba, yana nan a ɗaure cikin murfin inji, don yana ƙirga awannin da inji ya yi aiki, da shi yanzu suke sanin awa 100 ta cika a canza man giya maimakon sai an tuna. Masu injin Yamaha Enduro ɗin da ake ja da igiya waɗanda ba batir ba makulli, irinsa ne ma ya fi dacewa da su, sai dai mai silinda biyu ya lura, akwai injinan da fulogi biyun ke yin tartsatsi lokaci ɗaya, sau biyu kenan a kowane juyi, in ka bar saitin a ɗaya zai nuna maka ninki biyu ka zaci injinka zai tashi sama.

Kawu har yanzu in ya tada inji sai ya karkata kai ya saurara tukuna sannan ya kalli allurar, in sun yi daidai sai yace yau agogon ya faɗi gaskiya. Farfelar aron nan kuma bai mayar ba, ya biya abokin nasa kuɗinta, tsohuwar mai 17 tana rataye a ƙusa a zaure. Jiya ya sake kira wai abokan nasa biyu suna son irin ƙaramin, in taho musu da shi ranar Juma'a, kuma in taho da wani sukudireban don nawa da na bari a jirgi yaron ya sake shi cikin ruwa.